Abin da hannu ya riƙe

Ranar da na gaya wa Baba cewa kiɗa zan haɗa da Hausa a kwalejin horon malamai, yana zaune a zaure yana ɓarar gyaɗa. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "A gidan nan dai ba mu gaji roƙo ba." Na ce masa ba kalangu ba ne, fiyano ne, kuma takardar malanta zan fito da ita. Ya ce Allah ya sa a dace. A ƙauyenmu, can wajen Ringim, idan babba ya yi maka wannan addu'ar da irin wannan murya, to ya bar ka da halinka.

Ina da shekara 22 na fara ɗora yatsa a kan fiyano. Malamarmu wata dattijuwa ce 'yar kudu, a Legas ta fara, ta ƙaro karatu a Ingila da burin ta riƙa kiɗa a manyan zauruka. Tun makon farko ta cire mini rai. Ta ce, "Ɗana, kai ba za ka hau dandamali ba, ka makara." Na ji haushi, amma da ta zayyana mini hanyar sai na yi shiru. Yawancin masu wannan sana'a tun ba su shiga firamare ba ake zaunar da su. Lang Lang na ƙasar Sin yana da shekara 3 ya fara, yana da 9 mahaifinsa ya ajiye aikinsa ya tafi da shi Beijin don karatun kawai. Daga nan sai makarantar kiɗa, sai gasa. Akwai wadda ake yi da sunan Chopin, wani shahararren mai tsara kiɗan fiyano, a birnin Warso na ƙasar Poland tun 1927, duk bayan shekara biyar, kuma yara daga ko'ina cikin duniya suna kashe ƙuruciyarsu a kanta. Van Cliburn, Ba'amurke, ya je Mosko a 1958 ya lashe gasar Tchaikovsky ta farko yana da shekara 23. Ni kuwa, saura shekara guda in kai shekarunsa, ina laluben inda babban yatsa zai sauka.

Fiyano ɗaya tal muke da shi a sashenmu, mu fiye da ashirin, kowa rabin awa. Da hutu ya zo na samo kwalin sukari a shagon ƙanin mahaifiyata, na shimfiɗa, na zana madannai 88 da rula, farare 52, baƙaƙe 36, na shafe baƙaƙen da tawadar allo. Kullum bayan la'asar ina ɗaki ina danna kwalin da ba ya ƙara. Ƙanwata ta leƙo ta koma ta ce wa Inna, "Yaya fa boko ya taɓa shi."

A kan kwalin nan na yi ɓarnar da ta fi koya mini komai. Akwai wata gaɓa ta hannun dama da aka rubuta a hau ta da yatsa na huɗu, ni kuma na ga na uku ya fi sauƙi. Na yi ta gudu a kai, mako uku, har ina jin kaina gwani. Da muka koma na zauna zan burge Malama. Ban kai rabi ba ta ɗora hannu a kafaɗata. Sautin daidai ne, amma yatsun sun ƙare mini kafin gaɓar ta ƙare, dole in yi tsalle, kuma tsallen yana fitowa kamar tuntuɓe. Ta ɗauko 'yar na'urar nan mai ƙas-ƙas kamar agogon bango, ta sa ta a bugu 60 a minti, ta ce kowane bugu sauti ɗaya. Wallahi kamar a ce wa mai babur ya sauka ya tura. Ta ce hannu bai san daidai ba, bai san kuskure ba, abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa. Abin da na dasa a mako uku sai da na yi wata biyu ina tumɓuke shi, kuma har yau idan na gaji yatsa na ukun nan yakan yi wuf ya riga.

Da wuyan hannuna ya fara zogi don naci, ta hana ni taɓa fiyano kwana goma, ta ba ni labarin wani gwanin fiyano, Leon Fleisher, wanda a 1964, yana kan ganiyarsa, yatsu biyu na hannun damarsa suka nannaɗe suka ƙi miƙewa. Ya yi shekaru kusan talatin yana kiɗa da hagu kawai, yana koyarwa. A nan na fahimci ita ma Malama koyarwa ce ta ci da ita, kamar mafi yawan waɗanda suka bi hanyar. Dandamali ƙarami ne, masu nemansa kuwa ba iyaka.

Yanzu aji uku nake riƙe da shi a firamaren ƙauyenmu. Abokan aiki suna cewa ina da nawa, domin ba na barin yara su rera karatu da ƙarfi tun ban ji bakin kowa shi kaɗai ba. Su faɗa. Na san abin da yake faruwa idan yaro ya rera kuskure sau hamsin tare da 'yan aji.

Ina da wani ƙaramin fiyanon lantarki mai madannai 61, ina caza batirinsa da sola. Bara bayan girbi, tsohon mai kalangun mahauta na garinmu ya ji sauti ya tsaya a ƙofar zaure. Na ce, "Baba, bismilla." Ya tsuguna, ya saurara har na gama, kansa a sunkuye. Sannan ya ce, "Malam, hagunka tana bin damarka a baya kamar bara." Na sake kaɗawa a hankali ina saurare. Haka ne kuwa. Baba yana gefe da gyaɗarsa, ya ce a kawo wa baƙo ruwa.