Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mudu da Ido

Makon jiya na tsaya a lokacin da muka koma amfani da Jenkins, manhajar da ke harhaɗa kod tana gwada shi, bayan rabuwarsa a 2011 da Hudson, manhajar da ya samo asali daga gare ta. Na so in shiga labarin auren Yaya, amma maganar Baffa ta hana ni sakat. Yana cikin awon gero yakan ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

A aikin manhaja, mudu shi ne injin da ke harhaɗa kod yana gwada shi da kansa duk lokacin da aka tura gyara, ido kuwa shi ne mutumin da ke bitar gyaran. Duk abin da amsarsa e ce ko a'a, a bar wa mudu. Da farko a duba tsarin rubutu da ƙananan kurakurai, wannan kada ya wuce minti 1. Sai harhaɗawa, sai ƙananan gwaje-gwaje, gaba ɗaya kada su haura minti 10, don in suka daɗe mutane kan tara gyara mai yawa su turo a dunƙule. Gwajin da yau ya ci gobe ya faɗi ba tare da an taɓa komai ba, a ware shi gefe a ranar, a ɗora wa mutum ɗaya gyaransa. In an bar shi, yara za su saba da danna "sake gwadawa" har jan alamar faɗuwar gwaji ta daina ba kowa tsoro.

Kuskuren Apple na Fabrairun 2014, layin kod na "goto fail" da aka rubuta sau biyu a jere, aikin mudu ne. Gargaɗin layukan da ba a taɓa isa gare su zai iya kama shi. Ɓata idon babban ma'aikaci a kan irin wannan asara ce.

To amma kore, alamar cewa gwaji ya ci, ba shaida ba ce. Wani kamfani da ba zan kira sunansa ba ya taɓa soke bitar mutum saboda wai tana jawo jinkiri, aka goge wani ginshiƙi a rumbun bayanai, gwaji duk ya ci domin rumbun gwaji fanko ne, laifin kuma ya dawo kaina. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Baffa da ya ji, bai ce komai ba sai wannan karin maganar tasa.

Ga abin da ido zai nema. Shin gyaran ya yi abin da aka buƙata, ko wani abu mai kama da shi? An sauya gwaji ne don ya dace da kuskure? Wa aka buɗe wa izini? In abu ya lalace, akwai hanyar komawa baya? Kada a miƙa wa mai bita fiye da layi 400 a zama ɗaya, kada kuma ya wuce awa guda, bayan nan gani yake ba karatu ba. Kuma kada ya fara sai injin ya nuna kore.

Wanda aka fi sakaci da shi shi ne fayil ɗin da ke sarrafa injin kansa. Wannan mutum biyu za su sa hannu. A Maris 2024 an gano ƙofar ɓoye ta kutse a xz, wata manhajar matse fayiloli, an cusa ta cikin fayilolin gwaji da rubutun harhaɗawa, wato an yi wa mudun kansa ha'inci, irin na masu bubbuga gindin kwano a kasuwa. Wani injiniyan manhaja, Andres Freund, shi ne ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu. Da Baffa na raye, Allah Ya jiƙansa, da na karanta masa wannan.

Auren Yaya sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.