Abin da Na Koya a Ƙungiyarmu ta Ɗinkin 'Yan Tsana da Barguna

Ƙungiyar da nake ciki ta masu sha'awar ɗinki ce, waɗanda ke haɗuwa domin ɗinka 'yan tsana na ƙyalle da kuma barguna irin waɗanda ake harhaɗawa da gutsattsarin yadi masu launi daban-daban. Babu mai biyan wani a cikinmu, babu kuma jarrabawa, amma karatun da na yi a wurin ya zauna mini fiye da na wurare da yawa da suka ba ni takardar shaida. Ɗabi'ar da ta fara jan hankalina ita ce ta waɗanda suka daɗe a harkar, domin duk wanda ya miƙa musu aikinsa, kafin su yaba launi ko tsari sai sun juya bayansa sun duba, sun ja gaɓar ɗinkin da yatsu, sun matsa wuyan 'yar tsanar su ji ko ya cika. Sannu a hankali na gane cewa ƙarkon aikin nan da kyansa duk suna rataye ne a kan abubuwan da mai saye ko mai karɓar kyauta ba zai taɓa gani ba.

Mafi girman waɗannan abubuwa shi ne 'yar ratar da ake bari tsakanin layin ɗinki da bakin yadi. Masu haɗa bargo sun daidaita a kan rubu'in inci, wato kimanin milimita 6, kuma wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka cewa ƙari ko ragin milimita guda ba komai ba ne. Lissafin kuwa yana nuna akasin haka. Idan aka jera murabba'ai 12 a layi ɗaya, akwai gaɓa 11 a tsakaninsu, kuma duk gaɓar da ta zurfafa da milimita 1 ta ci milimita 1 daga ƙyallen dama, ta ci wani daga na hagu. Kafin a kai ƙarshen layi an yi asarar milimita 22, fiye da santimita 2 ke nan, sai layin ya ƙi haɗuwa da na ƙasansa, kusurwoyi su kauce wa juna, bargon ya yi ta tattarewa ko da an danne shi da dutsen guga. Mai ɗinki shi kaɗai a ɗakinsa yana iya daɗewa bai gane wannan ba, tunda kuskurensa iri ɗaya ne a ko'ina, sai ya ɓoye kansa. A ƙungiya kuwa, inda mutum goma za su ɗinka ɓangare goma na bargo guda, ranar haɗawa kowane hannu yake bayyana. Shi ya sa kafin a fara aikin tarayya kowa yakan yanka tsiri uku masu faɗin inci 2, ya ɗinke su gefe da gefe, ya goge, sannan a auna: idan faɗin ya ba da inci 5 cif, ratarsa daidai take, idan kuma bai ba da ba, sai a manna alama a kan farantin kekensa har ya dace da na sauran. Ban san wata hanya da ta fi wannan sauƙi wajen koya wa mutum cewa awonsa ya shafi aikin wasu ba.

Yadi kansa yana da halin da dole a san shi kafin a sa masa almakashi. Saƙaƙƙen yadi zare biyu ne suka gitta juna, na tsaye da na kwance. Ta tsaye kusan ba ya miƙewa, ta kwance yana ɗan bayarwa, amma idan aka ja shi a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya miƙe sosai. Wannan ne dalilin da ya sa ƙyalle mai kusurwa uku yake wahalar da sabon hannu, domin dogon gefensa a karkace aka yanka shi, ja kaɗan ya isa ya ɓata siffarsa. A wajen 'yar tsana abin ya fi fitowa fili, saboda idan aka yanka ƙafa ɗaya ta tsayen yadi, ɗayar kuma ta kwance, bayan an cusa auduga za a ga guda ta fito siririya doguwa, guda kuma gajera mai kauri, alhali da ma'auni ɗaya aka zana su. Akwai kuma batun wanke yadi kafin yanka, wanda har yau ba mu daina muhawara a kansa ba. Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, launuka masu duhu kuma, musamman ja, sukan zuba su ɓata fari. Wasu daga cikinmu suna son ɗan yamutsewar da bargo ke yi idan ya tsuke bayan an gama shi, suna ganin ta ƙara masa kyau. Ni dai ra'ayina, duk abin da zai je hannun yaro a wanke yadinsa tun farko, domin abin yaro ba ya rabuwa da ruwa da sabulu.

Guga ma ba a barin ta sai ƙarshe. Kowace gaɓa ana goge ta kafin wata ta haye kanta, ana ɗora dutsen a ɗaga, ba a jan sa, sannan a kwantar da ratar ta ɓangaren ƙyallen da ya fi duhu don kada ta haska ta cikin mai haske. Layi ɗaya a kwantar dama, na biye da shi hagu, sai gaɓoɓin su shige juna su zauna ba tare da tudu ba.

Ɗinkin 'yar tsana shi ya fi koya mini haƙuri, kuma a nan na fi daɗewa. Hannu da ƙafa ƙanana ne, don haka akan ninka yadi, a zana siffar, a ɗinka a kan zanen, sai daga baya a yanke, maimakon a yanka ɗan mitsitsin abu a yi ta kokawa da shi a ƙarƙashin allura. Ana rage tsawon ɗinkin keken daga milimita 2.5 da aka saba zuwa wajen 1.5, saboda gaɓar za ta ɗauki matsin auduga daga ciki. Duk inda layi ya lanƙwasa, kamar hammata da wuya da tsakanin ƙafafu, sai an yi wa ratar 'yan tsage-tsage da bakin almakashi ba tare da an taɓa zaren ba, in ba haka ba idan aka juyo da ita waje wurin zai tattare. Cusawar kuwa ita ce ainihin gwanintar. Ana ɗiban audugar kaɗan-kaɗan, a warware ta, a tura ta da ɗan sanda mara tsini har ƙarshen yatsu, a cika can tukuna kafin a dawo baya. Wanda ya yi gaggawa ya tura dunƙule babba zai samu jiki mai ƙulli-ƙulli wanda ba ya gyaruwa sai an fitar da komai an sake. Wuya ne ke buƙatar cikawa mafi tauri, domin kai yana da nauyi, kuma 'yar tsanar da wuyanta bai cika ba za ta sunkuyar da kai cikin 'yan makonni. A ƙarshe a rufe ƙofar cusawar da ɗinkin hannu mai ɓuya, a kai ƙullin zaren cikin jiki ya ɓace.

Wata dattijuwa a cikinmu takan ce wa sababbi, "'Yata, yaro ba kallon ta zai yi ba, jan ta zai yi." Nakan tuna wannan idan na ga hoton wata 'yar tsana da ke ajiye a Gidan Tarihi na Birtaniya, wadda aka samo a Masar, aka ɗinka ta da yadin lilin a zamanin mulkin Rumawa, tsakanin ƙarni na 1 da na 5 Miladiyya, aka cusa ta da tsummoki da guntayen tsiron da ake yin takarda da shi a lokacin. Hanyar da aka bi aka yi ta ba ta da nisa da wadda muke bi yau.

Fuska ita ce inda ra'ayina ya fi canzawa. Sabon mai ɗinki yana son ya zuba komai, gira da gashin ido da haƙora da murmushi har kunne. Na koyi cewa idan aka sa idanu a tsakiyar kai ko ƙasa kaɗan, aka ba su tazara, fuskar yaro ce ke fitowa, idan kuma aka ɗaga su sama sai ta koma ta babba. Mutanen Amish, wata al'ummar Kiristoci a Amurka, sun shahara da 'yan tsana marasa fuska sam, makarantun Waldorf kuwa, waɗanda ta farkonsu ta buɗe a birnin Stuttgart na Jamus a 1919, suna yin nasu da ɗigo biyu na ido da ɗan layin baki, domin yaro ya iya ɗaukar ta tana dariya yau, gobe tana kuka. Ban kai ga barin fuska fayau ba, amma na yarda da su cewa taƙaitawa ta fi. Na kuma yarda cewa launin yadin jiki da irin gashin da aka dasa ba ƙaramin zaɓi ba ne, domin yaro yana da haƙƙin ya rungumi abin da ya yi kama da shi.

A kan lafiyar yaro kuwa ba mu da muhawara ko kaɗan. 'Yar tsanar da za ta je wa wanda bai kai shekara 3 ba, ba a sa mata maɓalli ko dutsen ado a matsayin ido, da zare ake yin idon. Masu gwada kayan wasa a Turai da Amurka suna amfani da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, kuma duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukar sa abin da zai iya shaƙe ƙaramin yaro. Ba a barin dogon zare ko igiya da za ta iya naɗe wuya. Ana ƙirga allurai da fil kafin aiki da bayansa. Idan kyautar ta jariri ce, mukan gaya wa iyaye abin da likitocin yara ke faɗa, cewa kada a sa bargo ko 'yar tsana a wurin barcinsa kafin ya cika shekara ɗaya.

Bargo hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa, shimfiɗar auduga a tsakiya, da yadin baya. Ana shimfiɗa su, a kama su da fil ko da ɗinkin wucin gadi, sannan a fara ɗinkin da ke ratsa su ukun daga tsakiya zuwa gefe, domin duk wani saki ya gudu waje maimakon ya taru ya zama ninki. Sana'ar tsohuwa ce, akwai bargon da aka ɗinka a tsibirin Sisili a ƙarshen ƙarni na 14 wanda ɓangarensa ke Landan, wani ɓangaren kuma a Florence. Amma waɗanda suka fi taɓa mini zuciya na talakawa ne: matan yankin Bengal da ke jera tsofaffin tufafinsu su bi su da ɗinki su zama kantha, manoman Japan da suka yi ta faci a kan faci har aka san abin da sunan boro, da matan ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi, waɗanda aka baje kolin bargunansu a manyan gidajen zane na Houston da New York a 2002. Da yawa daga cikin bargunan Gee's Bend da tsofaffin tufafin aikin gona aka yi su, layukansu ba su miƙe ba, murabba'ansu ba su daidaita ba, kuma sun fi yawancin abin da muke yi da ma'auni kyau. Wannan ya sa na sake tunani a kan tsananin da muke yi wa awo. Abin da na tsaya a kai shi ne, karkatar layi tana iya zama zaɓin mai ido, amma gaɓar da ke buɗewa a wanki ba ta da wata kariya. Awo wajibi ne idan hannuwa da yawa za su haɗu a bargo guda. Idan aikin na mutum ɗaya ne, yana da damar ya bi idonsa, muddin ɗinkin zai riƙe.

Batun kayan aiki ba ya buƙatar dogon bayani. Tun da Elias Howe ya yi rajistar kekensa a 1846, Isaac Singer kuma a 1851, ake gardama tsakanin masu keke da masu hannu, mu kuwa muna amfani da duka biyun ba tare da raina ɗaya ba. Wuƙar yankan yadi mai gara, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, ta rage wahalar yanka ƙwarai. Almakashin yadi ba ya taɓa takarda, allurar keke kuma idan ta dakushe sai ta fara tsallake ɗinki, mutum ya yi ta zargin keken a banza.

Gyara wa wani aikinsa ma sai da na koya. Tsarinmu shi ne ba a karɓe aiki daga hannun mai shi a yi masa, sai dai a zauna kusa da shi a nuna a kan wani ƙyalle daban. Idan gaɓa ta kauce, a gaya masa abin da zai biyo baya in aka bar ta, shi kuma ya yanke shawarar warwarewa ko ci gaba, sai fa idan abin ya shafi lafiyar yaro ko bargon tarayya, a nan warwarewa dole ce. Sabon shiga yakan fara da murabba'i tara a haɗe, uku sau uku, saboda a cikinsa akwai yanka da rata da guga da haɗa kusurwa, kuma yana ƙarewa a zama ɗaya. Matsalar da ta fi damunmu ita ce ta ayyukan da aka kusa gamawa aka ajiye, yawancinsu ba abin da ya rage sai naɗe baki. Saboda haka muka ware zama na musamman domin wannan kaɗai, inda ake yanka tsiri mai faɗin inci biyu da rabi, a ninka shi biyu saboda bakin bargo ne ke fara cinyewa, a ɗinka shi da keke ta gaba, sannan a juya shi a kama da hannu, kowa ya ɗauki gefe ɗaya.