Yadda nake zaɓen abin kare kunne kafin harbi

Duk abin kare kunnen da zan saya, da bindiga a kafaɗa nake gwada shi. Nakan tabbatar babu harsashi a ciki, in kafa gindinta, in kwantar da kunci kamar zan ja kunama. Idan gindin bindigar ya tokari marufin kunnen ya ɗaga shi ko da kaɗan ne, lambar ƙarfin kariya da aka buga a jikin kwali ta tashi aiki, domin ta wannan 'yar kafar ƙara za ta shiga.

Ƙarar kuwa ba ta wasa ba ce. Ƙaramar raifil mai harsashin .22 tana kai wajen desibel 140 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Shotgan mai lamba 12, wadda mafarauta suka fi riƙewa, tana haura 155. Manyan raifil irin .308 da .30-06 suna kai 160 ko fiye. Hukumomin kula da lafiyar ma'aikata na Amurka sun tsayar da 140 a matsayin iyakar ƙara mai zuwa farat ɗaya. Kuma ma'aunin ba kamar na mudu yake ba: ƙarin desibel 3 kacal ninki biyu ne na ƙarfin sautin. Abin da ke lalacewa ƙananan gasu ne da ke can ciki, bayan dodon kunne, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ƙugin nan da mutum ke ji bayan harbi, ko jin magana kamar daga cikin rijiya, alamar an taɓa su ce.

Mai harbi da hannun dama, kunnensa na hagu ne ke fara tafiya, saboda shi ke fuskantar bakin bindiga, na dama kuwa kai da kafaɗa sun kare shi. Bahago akasin haka. Shi ya sa ɗabi'ar toshe kunnen da ke kusa da gindin bindiga kaɗai aikin banza ce.

Ga shotgan, matoshin soso na fi so. Harbin tsuntsu ko faifan yumɓu da ake cillawa sama yana buƙatar ɗaga bindiga da sauri a bi abin harbi da ita, babban marufi kuwa sai ya riƙa karo da gindin. Soso mai kyau yana ɗauke da lambar NRR (ma'aunin yawan ƙarar da abin ke ragewa) 29 zuwa 33, wadda ta fi ta yawancin marufai. Matsalarsa ɗaya ce: mutane ba su iya saka shi ba. Da hannu mai tsabta za a murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri ba tare da ya lanƙwashe ba. A zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai, a ja saman kunne sama da baya don ramin ya miƙe, a tura, a riƙe da yatsa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. Wanda ke tsaye gabanka bai kamata ya hango soson ya leƙo waje ba. Gwajin da nake yi shi ne in rufe kunnuwa da tafin hannu in buɗe. Idan sautin ya canja sosai, sai in zare in sake.

Auduga, takarda ko kwanson harsashi a kunne duk ba su tsare komai. Wannan ya shafi har 'yan bindigar hawan sallah da masu bindigar toka.

Ga raifil, biyu nake haɗawa: soso a ciki, marufi a kai. Haka ma a filin harbi mai rufi ko bango, inda ƙara ke dawowa, ko idan na kusa da ni ya ɗaura wa bakin bindigarsa ƙarfen rage naushi, wanda ke watso ƙarar gefe da baya. Ba a tara lambobin biyu. Soso mai 33 da marufi mai 22 ba 55 suke bayarwa ba. Ana ƙara kimanin 5 ne a kan babbar lambar. Wani kason ƙarar ma ta ƙashin kai yake bi, babu abin da zai tare shi.

Ita kanta NRR a ɗakin gwaji aka auna ta, don haka a zahiri kariyar ba ta cika kai lambar ba. Don ƙarar masana'anta, akan cire 7 a raba saura biyu, sai 33 ta koma 13. Kayan Turai kuma SNR ake rubuta musu, lambar da takan ɗan fi NRR girma a kaya iri ɗaya, don haka kada a jera su kai tsaye.

Marufi mai batir, irin Howard Leight Impact Sport mai NRR 22, yana da makirufo da ke shigo da maganar mutane, ya datse sauti idan ya wuce desibel 82. Siriri ne, ba ya faɗa da gindin bindiga, amma 22 ta yi kaɗan ga babbar raifil. Nakan sa soso a ƙarƙashinsa in ƙure murya, sai in ji umarnin mai kula da fili. Batir biyu na AAA yake ci; ko sun ƙare yana karewa, magana ce dai ba za ka ji ba.

Abubuwan da ke rage kariyar marufi ƙanana ne: ƙafar tabarau mai kauri, gefen hula ko rawani da ya shiga ƙarƙashin matashin marufin da ke zagaye kunne, gashi mai yawa. Zufa da zafi suna busar da robar matashin har ta tsage, don haka nakan duba ta, in canja kusan duk wata 6 idan ana yawan amfani. Matashin jel ya fi rungumar tabarau. Yara kuma a nema musu marufi daidai kansu, domin na manya sakwa-sakwa yake musu, sannan a saka shi tun kafin a fito daga mota.