Jajiberin zuwan mai kimanta gida

Talata, da dare.

Gobe da ƙarfe 10 na safe mai kimanta gida zai zo. Bankin da zai ba mai sayen gidanmu bashi ne ya turo shi, ba mu muka zaɓe shi ba, kuma ba mu yake yi wa aiki ba. Duk cinikin da muka ƙulla da mai saye, banki ba zai saki kuɗi ba sai ya ga abin da mutumin nan ya rubuta. A ce kashi 80 cikin 100 banki zai bayar, in kimar ta zo ƙasa da cinikinmu, to daga ƙaramin adadin za a yi lissafi. Cikon kuwa sai mai saye ya nemo daga aljihunsa, ko ya dawo ya ce mu rage masa, ko ciniki ya watse. Shi ya sa yau babu wanda ya zauna.

Yaya ya iso da sassafe da bokitin fenti a bayan mota, da kuma shawarar a fasa tayil ɗin kicin a sa sabo kafin dare. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, tayil ɗin nan tsoho ne amma ko ɗaya bai fashe ba." Ya ce ido ake saya wa gida. Gaskiyarsa in mai saye ake magana, amma mai saye ya riga ya gani ya amince. Na gobe da tef ɗin awo zai zo. Abin da ya fi nauyi a lissafinsa shi ne unguwar da gidan yake, faɗin fili, girman ginin, yawan ɗakuna da shekarun gidan. Sannan ya ɗauko gidaje makamantansa, galibi aƙalla 3, waɗanda aka sayar kusa da mu a watannin baya, ya ƙara nan ya rage can gwargwadon bambancinsu da namu. A cikin waɗannan duka babu wanda za mu iya taɓawa a yini guda. Abin da ya rage a hannunmu shi ne halin da zai sami gidan a ciki, da abin da za mu iya nuna masa a rubuce.

Yaya bai so ba, amma ya bar maganar tayil. Sai muka koma kan bangon da ke tsakanin banɗaki da ɗakin baya, kuma nan ne yinin ya ƙare.

Daga ƙasa zuwa wajen gwiwa fentin ya kumbura, in ka danna da yatsa sai ya ɓare, ƙasansa ya yi duhu, ga warin danshi in an rufe ƙofa. Yaya ya ce a kankare a shafa fenti, kafin gobe ya bushe. Ni kam ban yarda ba. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango ba ya kamawa, zai sake tasowa. Ban da haka, wanda aikinsa shiga gidajen mutane ne, in ya ga bango ɗaya tal yana sheƙi a ɗakin da sauran bangwayensa suka kwana biyu, can zai fara dosa. Wasunsu ma suna yawo da 'yar na'urar auna danshi da ake dangwala wa bango. In ya kama ɓoye ɗaya, sauran gidan duka da zargi zai kalle shi.

Na kira mai gyaran famfo. Da zuwansa ya ce a rufe kowane famfo a gidan, ya je ya durƙusa gaban mitar ruwa. Ƙaramar allurar tana ta juyawa a hankali, alhali babu mai amfani da ruwa. Ya shiga banɗaki, ya naɗa busasshiyar takarda a mahaɗar bututun da ke shiga tankin masai, kafin mu gama magana ta jiƙe sharkaf. Ɗigon yana bin bayan bututun ne yana shigewa bango, shi ya sa ba a taɓa ganin ruwa a ƙasa ba. Robar da ke cikin mahaɗar ce ta ƙeƙashe ta tsage. Ya canza ta, ya ɗaure, muka koma wajen mita, allura ta tsaya cak.

Na ce, "Malam, yaushe za a iya fenti?" Ya ce bangon da ya daɗe yana shan ruwa sai an ba shi makonni ya bushe, a riƙa buɗe taga. Na roƙe shi ya rubuta mini rasit da kwanan watan yau da bayanin abin da ya gyara. Gobe zan nuna wa mai kimantawa tabon da kaina, in miƙa masa takardar. Tabon da aka san sanadinsa kuma aka toshe, daban yake da wanda ba a san daga ina yake ba, don na biyun zai iya sa shi tunanin rufi ko harsashin gini, kuma waɗannan su ne ke karya kima.

Sauran ayyukan ƙanana ne, muka bi su da sauri. Ƙwan fitila da suka mutu, murfin soket da ya fashe a falo, ƙofar sito da ke cijewa, ganyen da ya cushe magudanar ruwan rufi. Fentin Yaya bai yi asara ba, ƙofar waje ta sha, ta kuwa yi kyau. Muka kwashe tarkacen da ya tare ƙofar shiga silin da akwatin wutar lantarki, saboda abin da mai kimantawa bai iya kaiwa gare shi ba, ba zai rubuta cewa lafiyarsa ƙalau ba. Shara da goge-goge ba su ƙara ko taku ɗaya a girman gida, na sani, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da yamma na zauna da jakar takardu. Rasit ɗin sabon rufi, na sake wayoyin wuta, zanen gini, da takardar izinin ɗakin bayan da aka ƙara daga baya. Wannan ta ƙarshen ta fi ba ni wahalar nema, kuma ta fi duk fentin duniya amfani, domin ɗakin da aka gina ba da izinin hukuma ba ana iya ƙin lissafa shi cikin girman gida. Na rubuta gyare-gyaren a shafi ɗaya, kowanne da shekararsa.

Yaya ya kawo tallan wani gida na layin bayanmu a wayarsa, wai in nuna wa mutumin. Na ce wannan kuɗin da mai gidan yake fata ne, ba a saya ba tukuna, mai kimantawa kuwa da wanda aka riga aka biya yake aiki.

Saura magana ɗaya da muka daɗe muna ja: wa zai zagaya da shi. Yaya in ya fara yabon gidan nan ba ya tsayawa, kuma na tabbata zai faɗi adadin da yake so a rubuta, abin da mai kimantawa ba ya son ji. Mun rabu a kan ni zan riƙe takardu in amsa abin da aka tambaya, shi kuma zai buɗe ƙofofi ya riƙe tsani. Ya ce ya ji, amma in aka zo kan rufi sai ya yi magana, don shi ya tsaya a kan aikin.