Godiya ga waɗanda suka riƙe ni lokacin da ake zargin ina da cutar lufus

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi. A makon jiya na koma ganin likita, ta duba sakamakon jini da na fitsari, ta ce ƙodata lafiya lau take, alamun kumburi a jini sun sauka, kuma an ƙara mini tazara tsakanin zuwa asibiti. Tun ina kwance na ƙudurta cewa ranar da na ji wannan magana zan fito fili in yi godiya, domin da yawa daga cikin waɗanda suka taimake ni ba su san girman abin da suka yi ba.

Masu tambaya me ya sa na ɓace daga biki da suna, ga dalili: an yi zargin ina da lufus, ciwon da garkuwar jikin mutum ke juyowa ta afka wa jikinsa. Abin ya faro ne da gajiyar da barci ba ya maganinta, sai ciwon yatsu da wuyan hannu, musamman da safe, har buɗe murfin kwalba ya gagare ni. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya, gashina na zuba, ƙuraje suna fito mini a dasashi da saman baki. Duk lokacin da na je kemis sai a ce maleriya ce da taifot, a haɗo mini magani. Daga baya wani tabo ya fito mini a kumatu biyu ya haye karan hanci, yana ƙara duhu duk ranar da na sha rana.

Bayan Allah, godiyata ta fara da wata matashiyar likita a asibitin unguwarmu. Ita ce ta ajiye biro ta saurari labarin tun daga farkonsa, ta kalli fuskata da kyau, ta ce a fatar baƙar mace wannan tabo ba lallai ya yi ja ba, sau da yawa duhu yake yi, shi ya sa ake wuce shi. Ta tura ni asibitin koyarwa wajen likitar gaɓoɓi. Irin waɗannan likitoci ba su da yawa a ƙasar nan, layinsu dogo ne, amma na samu ganinta.

Ita kuma wannan babbar likita, Allah Ya saka mata da alheri bisa gaskiyar da ta gaya mini ba tare da ta tsorata ni ba. Gwajin jinin da ake kira ANA ya nuna akwai alama, amma ta ce shi kaɗai ba ya tabbatar da lufus, domin akwai masu lafiya ƙalau da ake samun haka a jininsu. Sauran gwaje-gwajen ba su kai a yanke hukunci ba. Ta ce ina cikin waɗanda alamu suka fara bayyana gare su amma ba su cika ba, kuma da yawa daga cikinsu abin ba ya ƙarasawa ya zama cikakkiyar cutar. Ta bayyana mini cewa garkuwar jiki ce take rikicewa, kamar karen gida da ya daina gane mutanen gida, sai ta afka wa fata da gaɓoɓi, wani lokaci har ƙoda. Cikin masu ita 10, kusan 9 mata ne, galibi tsakanin shekara 15 zuwa 45, kuma ta fi yawa da tsanani ga baƙar fata. Ba a ɗaukarta daga wani, ba a kuma sa wa wani. Ta ɗora ni a kan haidroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka taso muna sha, ta ce sauran aikin yana gida: abin da nake ci, yadda nake kwana, da yadda nake hulɗa da rana.

A nan ne mutanen gidana suka shigo, kuma a nan godiyar ta fi yi mini nauyi.

Abokiyar zamana, Yaya, ban san da wane baki zan gode miki ba. Kin karɓi girkina lokacin da hannuna ba ya iya tuƙa tuwo, kuma ba ki taɓa yi mini gori ba, ko da wasa. Da aka ce in rage gishiri da magi saboda ƙoda da hawan jini, ba ki ware mini tukunya kamar majinyaciya ba, sai kika sauya girkin gidan baki ɗaya, kika koma wa daddawa da citta da albasa, har yara suka saba. Kika sa kifi ya zama abincin gida, titus da sardin, saboda man da ke cikinsu yana taimakawa wajen rage kumburi. Zogale da rama da alayyahu ba sa yankewa a gidan, ga wake, ga faten acca, ga kunun gero ba sukari mai yawa. Soye-soye da lemon kwalba suka koma na ranar baƙi. Kindirmo kuwa kullum sai kin tabbata na sha saboda ƙashi. Ina so duk mai karanta wannan ya san cewa akwai irinki. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya sa ki ga abin da kike so a kansu.

Maigida, Allah Ya ƙara buɗi. Kuɗin gwaje-gwajen nan ba kaɗan ba ne, wasu ma sai an aika da jinin wani wuri, ba ka taɓa nuna gajiya ba. Kai ka kafa mini rumfa a tsakar gida inda nake wanke-wanke, ka karɓi cefanen rana, ka nemo man kariyar rana mai lamba 50. Da likita ta ce a jinkirta ɗaukar ciki har sai jiki ya kwanta na aƙalla wata 6, ka karɓa ba musu. Hajiya kuma, surukata, ita ta tare mini bakin dangi a kan wannan magana, ta ce lafiyar uwa ce gaba. Hajiya, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Batun rana ya fi komai wahalar da ni, domin a garin nan ina mutum zai ɓuya mata, balle a watannin bazara? Hasken rana yana tayar da wannan ciwo, ba a fata kaɗai ba, har gaɓoɓi da zazzaɓi. Shugabar makarantarmu, da na kai mata takardar likita, ta cire ni daga tsayuwar asambule da duba yara lokacin tara, ta mayar da ni aji mai inuwa. Malaman da suka karɓi wannan aiki a madadina, na gode, na san zafin da kuka sha. Yanzu daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ba na fita sai dole, in ma zan fita da lema da hijabi mai kauri. Saboda gudun ranar ne aka rubuta mini bitamin D, wanda jiki kan samu daga hasken rana. Da hunturu ya shigo yatsuna suka riƙa sauya launi saboda sanyi, sai 'yata ta ɗauki nauyin ɗora mini ruwan alwala kafin Asuba, ba wanda ya sa ta.

Akwai wata godiya da nake so a fahimce ta da kyau. Mutane da dama sun kawo mini magani: jiƙe-jiƙe, sassaƙe, garin ganye, da kwalaben nan masu tsada da ake tallatawa cewa suna ƙara ƙarfin garkuwar jiki. Na san ƙauna ce ta kawo ku, kuma na gode har zuciya. Dalilin da ya sa ban sha ba shi ne, garkuwar jikina ba rauni ta yi ba, wuce gona da iri ta yi, don haka abin da zai ƙara zuga ta illa zai yi mini. Wasu daga cikin waɗannan haɗe-haɗe suna ɗauke da ganyen wata ciyawa da ake kira alfalfa, wanda aka san yana tayar da lufus. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba kuwa ƙoda yake fara taɓawa, ita ce kuma abin da ake ta tattali. Ƙanina mai harhaɗa magunguna, kai ka tsaya mini a nan, kana karanta bayan kowace kwalba, kana ba mutane haƙuri cikin ladabi don kada a ga kamar na raina kyautarsu. Kai ka ja mini kunne kan Septrin, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, wanda kan tayar wa masu irin wannan ciwo da rikici, da kan shan maganin ciwon jiki barkatai, da man shafawa masu sitiroid da wasu suka ce in goge tabon da su. Abinci mai kyau da hutu sun sauƙaƙa mini sosai, na ji a jikina, amma ban taɓa ajiye maganin asibiti saboda su ba, kuma ba na ba kowa shawarar ta ajiye.

Maƙwabciyata da muke tattaki bayan sallar Asuba kafin rana ta fito, kin san akwai ranakun da don kada in ba ki kunya kawai nake tashi. Tafiyar nan ta sassauta mini gaɓoɓi ta kuma gyara mini barci. 'Yan adashenmu da kuka bar mini kwasar da ba tawa ba don in biya gwaji, Allah Ya mayar muku da ninkinsa. Malaminmu na Islamiyya, da wasu suka fara maganar sammu da iska, kai ka ce a yi addu'a a kuma ci gaba da zuwa asibiti, ka tunatar da ni rangwamen da aka yi wa marar lafiya a kan azumi. Da azumin ya zo na tambayi likita, ta duba ƙodata ta ba ni izini, na mayar da shan maganin lokacin buɗa-baki.

Ba a sallame ni ba. Za a ci gaba da duba fitsarina, domin lufus kan taɓa ƙoda shiru ba ciwo, sai dai a ga fitsari yana kumfa ko ƙafa ta kumbura. Akwai kuma gwajin ido saboda maganin da nake sha. Don haka in kun gayyace ni taron rana ban zo ba, ku yi mini uzuri, zumuncin yana nan.

Ina roƙonku addu'a ga matan da muke haɗuwa a layin asibiti. Wasunsu 'yan mata ne ƙanana, an gano nasu a makare har ya kai su ga wankin ƙoda, wasu kuma daga garuruwa masu nisa suke zuwa, ba mai rako su. Allah Ya ba su lafiya, Ya hore musu masu tsaya musu. Amin.