Kuɗin filin jirgi: gajeriyar tafiya ce ke shan wuya

Kafin ka zargi kamfanin jirgi, duba ƙasan rasit ɗin tikitinka. A 2020 hukumar filayen jiragen sama ta Najeriya, FAAN, ta ninka kuɗin hidimar fasinjan cikin gida daga naira 1,000 zuwa 2,000, ga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin tikiti da hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ke karɓa. Kuɗin FAAN ba ruwansa da nisa, kai ake ƙirgawa a kowane tashi. Shi ya sa mai zuwa Abuja daga Kano ya fi jin jiki, mai sauya jirgi da tikiti biyu kuwa sau biyu zai biya. Farashi na hawa sai mutane su koma tasha, kujeru su zama wayam, kamfani ya rage kwanakin tashi, musamman a ƙananan filaye irin na Katsina da Gombe.