Idon da ke zubar da hawaye ba tare da kuka ba

Laraba, da dare.

Yau ne na samu ganin likitar ido a kan hawayen nan da suka daɗe suna damuna, kuma ina so in rubuta abin da ya gudana tun bayanin bai fara zube mini daga ka ba. Watanni ke nan idanuna biyu, musamman na hagu, suna cika da ruwa babu gaira babu dalili. Da safe ba su cika matsa mini ba, amma da zarar na yi 'yan sa'o'i a gaban kwamfuta, ko na fita iska ta buge ni a fuska, sai rubutu ya fara rawa a gabana, hawaye ya taru ya gangaro kumatu, har fatar gefen idon ta soma yin ja saboda yawan gogewa da hankici. Abokan aiki ma sun gaji da tambayata wanda ya ɓata mini rai.

A wurin jira na zauna kusa da wata mata da jaririnta wanda bai fi wata huɗu ba, idonsa na dama ya jiƙe sharkaf, kwantsa ta manne masa gashin ido. Ma'aikaciyar jinya ta zo tana nuna mata yadda za ta ɗora ɗan yatsa mai tsabta a lungun idon ta wajen hanci, ta danna a hankali, sannan ta shafo zuwa ƙasa. Na ji tana cewa: "Maman yaro, ki kwantar da hankalinki, jarirai da yawa haka ake haihuwarsu." Bayaninta shi ne akwai wata siririyar fata da kan rufe ƙarshen hanyar hawaye ta cikin hanci, kuma kusan jarirai 9 cikin 10 masu wannan matsala hanyar kan buɗe da kanta kafin su cika shekara ɗaya. Wanda tasa ta ƙi buɗewa, sai a sa masa barci a zura siririyar waya a buɗe ta. Sai dai ta ja mata kunne sosai cewa idan ta ga yaron yana gudun haske, ko baƙin idonsa ya ƙara girma ko ya yi hazo, kada ta jira ranar da aka ba ta, domin hawan jinin ido da ake haifar yaro da shi ma da hawaye yake farawa.

Da layi ya zo kaina, likitar ba ta yi gaggawar kunna na'ura ba. Tambayoyi ta fara jero mini: ko idon yana ƙaiƙayi, ko yana zafi, ko yana fitar da mugunya, ko ganina ya ragu, ko hawayen ya fi yawa a cikin ɗaki ko a waje, da kuma irin magungunan da nake sha. Daga nan ta miƙo mini madubi, ta ce in ɗan ja fatar idona ta ƙasa in dubi bakinta ta wajen hanci. Sai ga wani ɗan ɗigo ƙarami wanda tun da nake ban taɓa lura da shi ba. Ta ce rami ne, akwai irinsa a fatar sama, kuma ta nan hawaye yake bi ya shiga wata 'yar jaka da ke gefen karan hanci, daga nan ya gangara ta wani bututu zuwa cikin hancin. Wannan ne ya sa mai kuka yake jan majina. Shi kuwa hawayen, maɓuɓɓugarsa tana sama, ƙarƙashin ƙashin gira ta wajen kunne, kuma ido yana samar da shi dare da rana ko mutum ba ya kuka, ƙiftawa ce take shimfiɗa shi a kan ido tana tura shi zuwa ramukan nan. Saboda haka, in ji ta, duk idon da ke ambaliya ɗayan biyu ne, kamar tsakar gida da damina: ko dai ruwan ya fi ƙarfin kwata, ko kuma kwatar ce ta toshe. Aikinta na yau shi ne ta gano wanne ne nawa, domin maganin wannan ba ya yi wa wancan komai.

Ta taɓa mini wata 'yar takarda mai rini ruwan ɗorawa a cikin fatar ido, ta sa na ɗora haɓa a kan na'urar dubawa, ta haska shuɗin haske, ta ce in ƙifta sau ɗaya sannan in daure in bar idon a buɗe. Ina jin ta tana ƙirga daƙiƙoƙi a hankali. Abin da take jira shi ne lokacin da shimfiɗar hawayen za ta fara tsagewa, wuraren da suka bushe su bayyana baƙi-baƙi a cikin rinin. A lafiyayyen ido ana sa ran a wuce daƙiƙa 10 kafin hakan ta faru, nawa kuwa bai kai ko rabin haka ba. Ta kuma matsa bakin fatar idon da ɗan tsinke mai auduga, ta ce maiƙon da ya kamata ya fito garau yana fitowa da kauri, wasu ƙofofin ma ba su fitar da komai ba.

Gwajin da na fi jin tsoro shi ne na wanke hanyar hawayen, amma ya zo da sauƙi. Bayan ta ɗiga maganin kashe zafi, ta zura wani siririn bututu marar tsini a cikin ɗan ramin nan, ta tura ruwan gishiri da sirinji. Ban ankara ba sai na ji ruwa mai gishiri-gishiri yana gangarowa bayan maƙogwarona, dole na haɗiye. Ta yi murmushi ta ce wannan haɗiyar ita ce amsar da take nema, domin da hanyar a toshe take, da ruwan ya dawo waje ta ramin sama.

"Malam, idonka bushewa yake yi," in ji ta.

Na ce: "Likita, idon da nake yini ina sharewa ne ya bushe?"

Bayanin da ta yi ya gamsar da ni, kuma shi ne abin da na fi so in riƙe daga yau. Hawayen da ke kwance a kan ido hawa uku ne: akwai mai yauƙi a ƙasa wanda yake manna shi da ido, akwai ruwa a tsakiya, sannan akwai maiƙo a sama wanda yake hana ruwan saurin ƙafewa. Maiƙon yana fitowa ne daga wasu ƙananan ƙofofi da suka jeru a bakin fatar ido, bayan gashi, kimanin 20 zuwa 40 a kowace fata. Idan suka toshe, ruwan sai ya ƙafe da wuri, fuskar idon ta fara raɗaɗi, jijiyoyi su kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci maɓuɓɓugar ta saki ruwa da yawa a lokaci guda. Wannan ruwan na gaggawa tsinkakke ne, babu isasshen maiƙon da zai riƙe shi, don haka yana zubewa ne kawai, idon ya koma yadda yake, zagayen ya sake farawa. Aikin kwamfuta yana ƙara dagula lamarin, domin mutum kan ƙifta ido kusan sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, amma idan ya zura wa allo ido ƙiftawar tana raguwa ƙwarai, wadda ake yi ɗin ma sau da yawa rabi ce. Ga kuma fanka da na'urar sanyaya ɗaki suna busawa kai tsaye a fuska.

Sauran dalilan ta ambace su a taƙaice, tun da ta riga ta kore su a kaina. Alaji, wato rashin jituwar jiki da wani abu kamar ƙura, yakan zo da ƙaiƙayi mai tsanani. Gashin ido yakan juya ciki ya riƙa gogar ƙwayar ido, kamar yadda amosanin ido yake haddasawa idan ya daɗe. A wurin tsofaffi fatar ƙasa takan saki ta faɗo waje, ɗan ramin ya rabu da idon, hawaye ya rasa mashiga, kuma haka ma yake faruwa ga wanda ɓarin fuskarsa ya shanye. Toshewar bututun a manya, wadda ta fi samun mata masu shekaru, takan sa lungun ido ya kumbura ya yi mugunya, kuma maganinta tiyata ce da ake buɗe sabuwar hanya daga jakar hawaye zuwa cikin hanci. Da na dawo gida na duba tarihin aikin, na tarar wani likita ɗan Italiya mai suna Addeo Toti ne ya bayyana shi tun 1904, yanzu kuma ana iya yin sa ta cikin hanci da kyamara ba tare da an tsaga fata ba.

Maganin da aka rubuta mini ba shi da wani armashi, kuma ina ganin shi ya sa mutane da yawa ba sa ɗorewa a kansa. Zan riƙa gasa idanuna a rufe da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi na minti 5 zuwa 10, safe da dare, domin maiƙon da ya daskare ya narke, sannan in yi wa fatar tausa zuwa wajen gashin, in goge bakinta. Zan riƙa ɗiga hawayen roba, wato ruwan magani mai jiƙa ido kamar hawaye, kuma ta ce idan buƙatar ta wuce sau 4 a rana in nemi irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, domin sinadarin kansa yana fusata ido idan ya yi yawa. A wurin aiki kuma, duk bayan minti 20 in ɗauke kai in dubi abin da ke nesa da ni kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20, in ƙifta sosai har fatun su haɗu, in kuma sauke allon ƙasa da saitin idona.

Da na tambaye ta game da magungunan ɗigawa da mutane ke saya da kansu idan ido ya yi ja, sai fuskarta ta canza. Ta ce da yawansu suna ɗauke da sinadarin siteroyid, wanda yake sa ido ya yi fari cikin kwana biyu, mai shi ya ɗauka ya warke, alhali yawan amfani da shi yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, yana kuma iya ta'azzara gyambon baƙin ido idan ƙwayar cuta ce sanadi. A ganina wannan gargaɗi ya kamata a rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin kwalbar, domin ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa.

Na yi gashin farko bayan na dawo. Tsumman yana hucewa da sauri fiye da yadda na zata, sai da na yi ta mayar da shi cikin ruwan, kuma da na buɗe ido gani ya ɗan yi dishi-dishi na ɗan lokaci, abin da ta riga ta gaya mini cewa maiƙon ne ya saki. Ta ce kada in sa ran ganin canji kafin makonni, kuma in koma bayan wata ɗaya da rabi, sai dai idan zafi ya taso, ko gani ya ragu, ko lungun idon ya kumbura, to a ranar zan koma. Ramin hawaye na idon hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, kuma idan bushewar ta lafa amma shi bai daina zuba ba, za ta faɗaɗa shi da ɗan ƙaramin aiki wanda ba ya buƙatar kwanciya a asibiti.